Fitilun Wakili

Wakili ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi har ya yi ƙafa, saboda haka in na ce ba ya jin magana ba ƙage na yi mashi ba. Mutanen Konni na ce mashi Alhaji, direbobinshi na durƙusa mashi, ni dai Wakili na sani, mai majina da tsoron akuya. Yanzu yana da kamiyo, manyan motocin nan masu ɗaukar albasa da siminti, ga gida mai bene a Konni, kuma tun da Allah ya buɗa mashi ya daina sauraron ƙarshen zancen mutum. Rabi yake ji, ya cika sauran da kanshi, sannan ya tsaya yana jiran godiya.

Ɗiyarshi Fauziyya a ɗakina take kwana. Ta yi jami'a a Yamai, da anka tashi raba su wuraren aiki ita da bakinta ta roƙi a kawo ta kolej ɗin garinmu, Kalgon Dutsi, nan ƙasar Tajaye, ta riƙa koya wa yara kimiyya. Uban ya ɗauki wannan a matsayin asara. Shi a ganinshi mutum ba ya wahalar fita daga ƙauye don ɗiyarshi ta koma da ƙafarta.

A Yamai ta saba da wasu mutane, malamai ne da likitoci da ma'aikatan buro, wato ofis, manya da gemunsu, waɗanda ba su da abin yi in rana ta faɗi sai ɗaga kai sama. Ƙungiya guda gare su ta masu duban taurari. Da ta fara ba ni labari na ɗauka tsokanata take yi. Ta ce, Gwaggo, ai sama ta mutu a Yamai. Fitilun titi da na gidajen mai da na otel da allunan talla sun taru sun shafe ta da wani jan haske, ko bene ka hau in ka ƙirga taurari da yatsun hannunka sai yatsu su yi saura. Yaron da anka haifa can bai taɓa ganin Kaza da ƴaƴanta ba. Na ce to su da sunka kunna, su kashe mana, ko sai an aiko musu da mai kashewa daga ƙauye? Ta yi dariya ta ce abin bai kai haka sauƙi ba.

To, waɗanga mutane sun samu wani babban madubi na duban taurari, mai kama da turmi an kwantar da shi bisa ƙafafu uku, amma a garinsu ba ya musu amfanin kirki. Sai sunka yanke su ba da shi ga wata lakwal, wato makaranta, ta ƙauye, inda sama take da duhu sosai kuma akwai malamin da ya iya riƙe shi. Sun gwada wajen Konni, haske ya yi yawa. Sun gwada kusa da Malbaza, nan ma haka. Saura wuri biyu, mu da Tungar Isufu, wani ɗan ƙauye gabas da mu da muke yi wa dariya don ko mai cajin salula babu, sai sun zo wurinmu. Kowane gari za a ba shi dare ɗaya, bayan an gama girbi, ƙarshen wata lokacin da babu farin wata, su auna duhun da wani ɗan abin awo nasu.

Ban taɓa ganin yarinyar nan ta so wani abu kamar yadda ta so madubin nan ba. Shekara da shekaru tana zana wa yara taurari da alli, suna haddacewa suna mayar mata a takarda ba tare da sun yarda ko da ɗaya ba. Ta riga ta yi musu alkawari za su ga da idonsu cewa ƴaƴan Kaza ba ƴan kaɗan ɗin nan ba ne da muke nunawa da yatsa, sun fi gaban ƙirga. Har barci ta daina yi sosai. Kuma wallahi muna da abin da ake nema, don in akwai abin da Allah ya wadata Kalgon Dutsi da shi, duhu ne.

Kuskurenta ɗaya, ladabi. Baƙi na buƙatar masauki, gidan ubanta na nan garin a rufe, ba ya zuwa sai da salla, sai ta kira shi ta nemi izini. Ina zaune kusa da ita, na ji duk abin da ta faɗa. Ta yi mashi bayani dalla-dalla, ta maimaita, ta sake maimaitawa: mutanen nan duhu sunka zo nema, sun ma roƙa kada a kunna ko cocila, kada a tara musu jama'a, tabarma da ruwan sha sun ishe su.

Ta cikin wayar na ji dariyarshi. Ya ce, “Ke yarinya ce har yanzu. Wane baƙo ne zai buɗe baki ya ce a kunna mashi wuta? Ko tuwo kika miƙa wa baƙo cewa zai yi ya ƙoshi. Kara ce sunka yi miki, ke kuma kika ɗauka.”

Na karɓe wayar na ce Wakili, ba kara ba ce, sana'arsu ke nan, ka bar yarinya da baƙinta. Ya ce in yi haƙuri, Yaya, wai ni ban fita duniya ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da na girme shi da goyo biyu. Na san kuma abin da ke cin shi. Abokan kasuwarshi na Konni, waɗanda iyayensu sunka zo daga Sakkwato da arzikinsu, sun daɗe suna tsokanarshi da ɗan garin duhu, yana dariya da baki abin yana mashi ciwo. Ba zai yarda manyan Yamai su koma su ce sun kwana garinsu Alhaji Wakili suna lalube ba. Daga ƙarshe ya ce ya ji, shi ke nan, mu kwantar da hankalinmu. Da na ji ya sauka da sauri haka na san akwai magana.

Ranar da baƙi za su zo, la'asar na yi sai ga kamiyo biyu sun karyo kwanar rijiya. Na farko na ɗauke da injin wuta irin na gidan biki da dogayen ƙarafa da manyan fitilun da Wakili yake haska garejinshi da su. Na biyu kujeru ne da rumfa da raguna da ƴan ƙananan ƙwayayen wuta ja da kore. Isiyaku mai gyaran wuta, wanda Wakili ya ɗauko daga Konni, ya hau rufin lakwal ya sauka, ya hau kalgon bakin fili ya sauka, kafin rana ta yi ja ya zagaye filin da waya. Filin nan kuwa shi ne Fauziyya da ɗalibanta sunka share don a kafa madubi. Ta tsaya bakin aji da tsintsiya a hannu tana kallo. Bayan kamiyo kuma sai ga Wakili kanshi da motocin ƴan kasuwar Konni, sai masu garuruwan kewaye, sai maroƙa, waɗanda su ko ba a gayyace su ba hancinsu na kai su.

Baƙin sunka iso gab da magariba, mota biyu, da motar jandarma mai rakiya. Shugabansu Malam Abdulwahab, wani siririn dattijo mai tabarau, ya sauko yana murmushi, ya ɗaga kai ya ga ƙarafa, murmushin ya tsaya inda yake. Ana sallame salla Isiyaku ya tada inji. Jama'a, ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin garinmu haka ba. Allura ta faɗi ka ɗauka. Kaji sunka sauko daga inda sunka kwanta. Ƙwarin kaka kaf na ƙasar Tajaye sunka taso sunka yi wa fitilun rumfa, suna faɗawa cikin miya, suna shiga rigunan ƴan kasuwa. Da na duba sama ban ga komai ba sai fari-fari da fukafukai.

Malam Abdulwahab mutum ne mai tarbiyya, ita ta kashe shi. Ya je ya gaida Wakili hannu biyu, ya yi godiya mai tsawo, sannan a hankali ya roƙi arziki a rage wutar. Wakili ya dafa kafaɗarshi ya ce kada ya ji komai, esansi, man injin, na nan duro guda, ko har asuba. Malam ya ce ba don esansi ba ne, aikinsu ne ba ya yiwuwa da haske. Wakili ya juya ga abokanshi ya ce su ga masu ilimi, su ga kunya, mutum ya taso tun daga Yamai amma ba ya son ya ɗora wa kowa nauyi. Duk roƙon da bawan Allah nan ya ƙara, sai Wakili ya ƙara jin daɗin irin baƙin da ya samu. Na rantse har umurni ya ba da a ƙara juyo fitila ɗaya wajen da sunka ajiye madubin, don su ga abin da suke yi.

Da Malam ya ga ba ci, sai ya nemi su ɗauki kayansu su fita bayan gari, can wajen gonaki. Shugaban jandarma ya ce sam, umurni gare shi, babu baƙon da zai wuce gidan ƙarshe bayan magariba, kowa ya san halin rashin tsaron da ake ciki. Ban ga laifinshi ba. Kafin isha'i kuma mutanen ƙauyukan kewaye sun hango hasken, wasu sun ɗauka biki ne, wasu siyasa, sunka yi ta kwararowa a amalanke da moto, wato babur. Ɗaliban Fauziyya sun yi layi bayan madubin tun ɗazu, cikin kayansu masu tsabta, ko marfinshi ba a cire ba saboda ƙwari. Na ga Malam ya ɗaga ɗan abin awon sama, ya duba, ya nuna wa na kusa da shi.

Nan ne Fauziyya ta ratsa cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa gefen kujerar ubanta. Murya ƙasa-ƙasa ta yi, amma ina kusa da tukwane na ji.

“Baba, don Allah, ko na ɗan lokaci ne. Su auna su gama, a mayar.”

“In kashe wuta manyan mutane na cin abinci a gabana?” in ji shi. “Tashi ki koma wajen mata.”

Ta taso ta wuce ni, idonta ya kaɗa ya yi ja. Ba wajen mata ta nufa ba, bayan lakwal ta yi, inda anka ajiye injin. Isiyaku na can ya samu ƙafar rago yana fama. Yarinyar da ke koya wa yara yadda inji ke aiki ba sai an nuna mata inda ake kashe shi ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, don na san abin da take shirin taɓawa ba inji ba ne kaɗai. Ban kira ta ba, na ci gaba da kwashe tuwona.

Injin ya yi tari ya yi shiru, duhu ya rufto. Maroƙin da ke tsakiyar kirari ya haɗiye sauran. Da farko ba ka ganin ko tafin hannunka. Sannan sama ta fara fitowa kaɗan-kaɗan, manya tukuna, sai ƙanana a tsakaninsu, sai farin zanen nan da ke ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan, ga Kaza can gabas ta taso da ƴaƴanta. Abin da muke kwana ƙarƙashinshi kullum ba mu ko kallo. Na ji wata mata cikin baƙin ta yi salati a hankali. Na ji muryar Malam Abdulwahab, yana roƙon jama'a don girman Allah kowa ya zauna inda yake, kada a kunna komai, ido na buƙatar ɗan lokaci kafin ya buɗe.

Wa zai ji shi? Wani daga baya ya ce injin Alhaji ya mutu, maganar ta zagaya fili. Mutanenmu kuwa, ka zage su yadda kake so, ba sa iya zama su ga mai gida ya ji kunya gaban baƙi. Salula ta fara, ɗaya, goma, sai fili duka. Masu cocila sunka zaro. Ƴan kabu-kabu sunka ruga sunka tada moto, sunka jero su suna haska rumfa, kowa na murɗa mai don tashi ta fi ta wani. Direbobin Wakili sunka kunna idanun kamiyo biyun. Jandarma, su kuma da sunka ga wuta ta ɗauke ba zato, sunka hau motarsu sunka kunna babbar fitilar sintiri suna wulga ta ko'ina. Wata tsohuwa har da guntun itace mai wuta ta taho daga murhu, tana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Hasken ya fi na farko, ga hayaƙin moto ya turnuƙe sama.

Isiyaku ya ruga da maiƙo a hannu, bai daɗe ba injin ya tashi, fili ya ɗauki tafi, maroƙi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na ga Isiyaku ya dawo ya sunkuya ya yi wa Wakili raɗa. Wakili ya juyo ya dubi wajen mata, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauki nama ya miƙa wa na kusa da shi. Baƙin sunka naɗe ƙafafun madubinsu sunka mayar mota. Yara sunka tsaya a layi har sai da iyayensu sunka zo sunka ja su.

Da safe Malam Abdulwahab ya yi sallama ƙofar gidana, shi kaɗai. Ya gaya wa Fauziyya gaskiya, bai samu awon da zai kai wa ƴan'uwanshi ba, in dare ya yi kyau a Tungar Isufu madubin nasu ne. Amma ya ce ɗan abin da ya gani kafin a fara kunna salula, bai ga irinshi ba tun yana yaro. Suna sa ran wani madubin baɗi. In garin ya zauna yadda yake, za su dawo da kaka, su biyu ko uku, ba sanarwa, su kwana ko a zaure ne. Ta riƙe maganar nan hannu biyu. Madubi ya tafi Tungar Isufu, mutanen da muke wa dariya sunka riƙa aiko mana da gaisuwa, wai in yaranmu na son kallo su zo da amalanke. Ita ta shanye, ta ce wa ɗalibanta baɗi, ta roƙe ni kada in bari zancen ya fita daga ɗakinmu. Na kame bakina, ni da ba a san ni da haka ba.

Wakili kuwa tun asubar ranar ya kwashe fitilunshi ya koma Konni, bai yi sallama da ɗiyarshi ba. Labari ya iske mu cewa a gareji da kasuwa ba a da abin tsokana sai injin Alhaji da ya mutu gaban mutanen Yamai. Bai taɓa cewa kashe shi anka yi ba. Gara a ce injinka ruɓaɓɓe ne da a ce ɗiyarka mace ta kashe maka wuta gaban maza. In ta kira shi sai ya amsa gaisuwa ya ce yana hanya. Na kira shi na wanke shi tas, na ce girma ba fitila ba ne, ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya gode, Yaya.

Ana gab da damina, an fara sharar gona, sai ga kamiyo ya sake karyo kwanar rijiya, Isiyaku a gaba. Wannan karon da siminti sunka zo da masu haƙa. Dogayen ƙarafa ne masu faifan ɗaukar hasken rana a ka, irin na bakin titin Konni. Sunka kafa a rijiya, sunka kafa a masallaci, sauran duka sunka zagaye lakwal da filinta, sunka zuba musu siminti har gwiwa. Sadaka ce, in ji Wakili, ga mahaifarshi. Gari ya ɗauki guɗa. Mi zan ce? Matan da kunama ke harbi a hanyar rijiya zan je in gaya wa taurari sun fi? Liman ya yi addu'a, maigari ya yi jawabi, Wakili bai zo ba, ya aiko da goro. Daraktan lakwal ya ce ba wanda ya dace ya yi godiya a madadin malamai kamar ɗiyar mai kyautar. Ta miƙe ta yi, kalma uku ko huɗu, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Rana na faɗuwa fitilun sunka kama da kansu, farare tas, ɗaya bayan ɗaya, yara na tsalle ƙarƙashinsu. Jama'a sunka watse zuwa salla. Ni na tsaya jiranta, na ga ta nufi Isiyaku yana tattara kayan aikinshi cikin buhu. Ta gaishe shi, ta yaba aikin, sannan ta tambaye shi, in wata rana ana son a kashe na filin nan na dare ɗaya kawai, ta ina ake kashewa.

Isiyaku bai ɗago ya dube ta ba. Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu.

“Ba su da makunni, Madam,” in ji shi. “Alhaji cewa ya yi in nemo irin waɗanda hannu ba ya kashewa.”

Ta ce mashi sannu da aiki, ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida, ni kuma na bi bayanta.